Ƙwallayen Dabinon Iya Tasalla

Ran sadakar bakwai ɗin Iya Tasalla
'yarta ta aiko mini da akwatin kwano,
wanda hukuma ta raba musu tun ina rarrafe.
Tsatsa ta ci kwaɗon, sai da wuƙa ya yarda da buɗewa.

Almakashi ɗaya, zaren da ya yi ja don tsufa,
guntun sabulu ya koma dutse,
takardar shaida, gara ta cinye sunan ta bar hatimi.
Can ƙasa, ƙunshin tsumma biyu, babba da ƙarami,
na girgiza, na ji suna amsawa.

Kafin akwati, aska ce da toka mai ɗumi.
Daga Kwarbai har Limancin Kona
ba zauren da bai san tarinta na tsakar dare ba.
Ba ta iya lallashi ba, cewa take:
"Durƙusa, 'yar nan, nan uwarki ta durƙusa."
Ta yanke cibi, ta binne mabiyiya a bayan ɗaki,
ta ɗora tukunya, ta tsoma ganyen runhu,
ran suna ta koma da kasonta na rago,
ta jefa ƙwallon dabino ɗaya a tsumma.
Ƙwallo ɗaya, haihuwa.

Sai aka kira su Ƙofar Gayan, kwana goma.
Aka ce a wanke hannu, a tafasa almakashi,
gishiri na miya ne, ba na reza ba.
Ta dawo da akwati a ka tana taƙama.
Shekaru suka juya, takarda ta juya:
kada ta ƙara karɓa, nata rakiya,
ta kawo mai naƙuda, ta tsaya a ƙofa.
Ta ce, "Jiya hannuna ake so, yau ƙafata.
To, ƙafar ma tana zuwa."

Ni ce a ƙofar.
Daren damina, an ɗauke wuta, fitilar waya a bakina,
ta sauko daga a-daidaita da yarinya jina-jina.
Na karɓi yarinyar, na tura ƙyaure.
Ta ce, "Balaraba, ni fa na yanke miki cibi."
Na ce, "Na sani, Iya. Doka ce."
Sauran maganar na haɗiye:
ke kika hura wuta ƙarƙashin gadon uwata,
kika dama mata kunun kanwa safe da yamma,
ƙafa ta kumbura, numfashi ya gagara,
arba'in ɗinta ba ta ga cikawa.
Ke kuma kika goya ni gida-gida a Jushi
kina neman mai nonon da za ta yarda da shayarwa.

Jini leda biyu, allura, yarinyar ta ga asuba.
Na fito, Iya na kan benci, sauro ya yi kalaci da ita.
"Mabiyiyar ta fita duka?" Na ce ta fita.
Ta gyara mayafi, ta ƙi kuɗin mota,
ta bi ta cikin taɓo ba waiwayawa.

Yau na kwance babban ƙunshi a kan tabarma,
na kai ɗari bakwai, ƙirga ta ɓace mini.
Ƙaramin ƙulli uku ne, sai da haƙori.
Goma sha tara.
Sheƙi suke kamar carbin tsohon liman,
yatsa ya daɗe yana shafawa.
Ɗaya uwata ce. Ban san wanne ba.

Mu rajista gare mu, jan biro ga wadda ta tafi,
ƙarshen wata a aika Kaduna, ta zama kaso cikin ɗari.
Ban taɓa komawa kan layi na shafa shi ba.
Gobe ranar awo, mata sittin, ma'aunin jini ɗaya.
Ƙaramin ƙunshin na aljihun farar rigata,
in na sunkuya sauraron ciki
ina jin su suna taɓa juna.