Saniyar Hepzibah

Ni ne na zo da igiya.
Sunana Jabez, ɗan dokar gari.
A aljihuna takardar majalisa:
sule goma sha ɗaya, harajin fasto,
shekara biyu ba a biya ba.

Na tarar Hepzibah Tarbox na tatsa.
Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Bari in gama,
kada ka ja ta hantsa cike."
Na tsaya, sanyin Connecticut na cizon yatsuna,
madara na sauka a bokitin katako.

Laifinta, ranar Lahadi
ba ta zama a bencin da aka yanka mata.
Siton masarar Eliphalet take zuwa,
su tara, har da makaho,
suna addu'a ba da lasisin kowa ba.
An ce ma a kogi aka tsoma ta, da furfurarta.

Na ce, "Ki biya mana, nawa abin yake?"
Ta ce, "Da yunwa yake ji, da na aika masa cuku.
Ba na sayen wa'azin da ban saurara ba.
Kakana da kakanka jirgi ɗaya suka hau,
mako goma suna amai a teku
don wani sarki ya ce ga yadda za a durƙusa.
Ashe ba bulalar suka ƙi ba, Jabez,
mariƙinta suke so."

An ce ɗan aike ba shi da laifi.
Na maimaita wa kaina sau uku.
Saniyar ta turje,
sai da ita ta karɓi igiyar ta ɗaura mata,
ta raka mu har bakin shinge.

A ƙofar mashaya aka yi gwanjo.
Saniyar fam huɗu ta tafi a sule talatin,
surukin dattijon coci ya saya.
Na kai mata canji, ta ƙi buɗe hannu.

Yau Lahadi. Ina benci na uku.
Fasto na karanta labarin waɗanda suka fito daga Masar,
muryarsa da daɗi, ba zan yi masa ƙarya ba.
Amma ta taga ina jiyo kukan saniya
daga garken da ba nata ba,
kuma duk sanda na durƙusa
sule sha tara na ƙara a aljihuna,
har na gefena ya waiwayo.