Na Fito a Furofesa

Don ina da tabarau aka ɗauke ni,
ba don na san wani tauraro ba, in ka cire zara.
Gyaran rediyo nake yi a gefen kasuwar Garwa.
Hamajoda ya zo da sefa dubu tamanin
da kyamarar da ya aro wurin masu ɗaukar biki,
ya ce, "Tanimu, duniya za ta tashi ran Talata,
kai ne za ka fara sani."

Farar rigar ilimi ta mahauci ce,
mun wanke ta sau uku, ƙarnin bai fita ba.
Madubin hangen sama bututun famfo ne
da gindin kwalba a baki.
Na leƙa, na ga ƙudan zuma ya mutu a ciki,
na dafe ƙirji na ce, "Saura kwana uku!"

Dutsen da zai faɗo ya fi Tingilin girma,
haka labarin ya ce.
A zahiri ƙwarya ce, an naɗe ta da takardar sigari,
tana lilo a zaren kamun kifi.
Duk wanda ya kalla ya ga zaren.
Hamajoda ya ce wutsiyar tauraron ce.

Aka raba wa yaran Yelwa alewa, su gudu suna ihu.
Suka gudu suna dariya.
Wata akuya ta tsaya tsakiyar tashin duniya
tana cin bawon mangwaro, ko a jikinta.
Dorina ta ɗago kai a Binuwai, ta dube mu,
ta koma.

Bai ga sinima ba. Wa zai ba shi bango?
Kai tsaye faifai, ɗari uku ɗari uku,
tsakanin batir da maganin ɓera a faranti,
daga baya waya ta tura wa waya kyauta.
Murya tana riga baki isowa,
har na mutu ina ci gaba da magana.
Inna ta kalla a ɗakin Dudu maƙwabciya,
gini na kwali ya danne ni, ta fashe da kuka,
ga ni zaune kusa da ita ina ɓare gyaɗa.

Sai damina.

Babu ganga, babu jan haske, babu mai ƙirga kwana.
Ƙarfe biyun dare na sauke ƙafa daga gado
na ji sanyi har idon sawu.
Ruwa ya shigo ba sallama,
ya fara da tabarma, ya tambayi buhun gero,
ya hau kantar da rediyon mutane goma sha ɗaya ke jira.
Ba wanda ya gudu. Ina za a gudu?
Tafiya muka yi a hankali, kaya a ka,
ƙafa tana lalubar inda hanya take jiya.
Na goya Inna da farar rigar mahauci,
nauyinta bai kai na tsohuwar talabijin ba.

Da gari ya waye na hango Hamajoda bisa rufin kwano,
kyamara a hannu, batir ya mutu.
Ga abin da sefa miliyan ba ta saya
shimfiɗe gabansa har gindin gada,
faifanmu ɗari biyu da ba a sayar ba
suna yawo a kai, suna ƙyalli kamar ƙananan watanni.
Ya ce, "Tanimu, ka gani?"
Na ce, "Tabarau na ya tafi."

Yanzu mun sake gini, bulo uku sama da na da.
Yara in sun wuce shago sai su tsaya,
"Furofesa, yaushe duniya za ta tashi?"
Nakan ci gaba da murza kunnen rediyo
ina neman tasha cikin shuuu,
in ce, ba rana ɗaya take tashi ba,
unguwa-unguwa take bi.
Ku miƙo min sukundireba.