Iska a Cikin Tiyo

Ƙarfe biyun dare a Ali Ɗan Sofo,
unguwa ta yi tsit, sai ordinata ke magana:
ƙulu-ƙulu, ƙulu-ƙulu,
kamar cikin mai azumi da la'asar sakaliya.

Wata biyar ina tara jikkoki.
Tiyo daga Kano, famfo daga hannun Tsahiru
wanda ya rantse mini sabo ne dal,
radiyata mai fanka uku, ƴar tulu ta gilashi,
ruwan batir lita biyu daga garejin Ma'azu,
don na rijiyarmu yana barin fari a gindin tukunya.
Duk wannan don kada zafin bazara
ya sake kashe mini inji ina tsakar aikin mutane.

Ga shi na haɗa, na zuba, na kunna.
Lamba na hawa kamar farashin gero:
sittin, saba'in, tamanin da huɗu.
Na taɓa tiyon hagu, zau.
Na taɓa na dama, sanyi ƙalau.
Ruwa ya tsaya a hanya, wani ya tare masa gaba.

Na gan ta. Ƴar mitsitsiya, ba ta kai ƙwayar gujiya ba,
ta laɓe a lanƙwasa tana kallona.
Na ɗalle ta da farce, ta rabu uku.
Na girgiza akwati, ta haifi ɗari,
ruwa ya koma fari fat kamar tsala.
Sai kuran ya ɗauke.
Na zauna cikin duhu, ni da sauro da bidiyon ƴan makarantar jinya
da na yi alkawarin bayarwa ranar Laraba.

Da safe Inna Barira ta leƙo:
me ke kuka a ɗakinka tun jiya?
Na ce iska ce ta shiga inji.
Ta ja da baya tana a'uzu,
ta dawo da garwashi da hazbar turare.
Ban hana ta ba.

Kawu Ɗan Jimma ne ya zo da hantsi,
daga Jiratawa, da buhun zogale a bayan babur,
shekara talatin yana tayar da injin ban-ruwa.
Bai san linzamin kwamfuta ba, bai tambaya ba.
Ya kara kunne a jikin ƙarfe, ya yi shiru.
Ya ce, yaro, famfonka ba ruwa yake sha ba, numfashi yake haɗiya.
Iska ba a korar ta da faɗa.
Sama take nema kullum. Ina ƙofar da ka bar mata?

Babu. Na toshe ko'ina, ina alfahari.

Muka zare wutar komai, muka bar famfo shi kaɗai.
Na kwance murfin tulu, na shimfiɗa tsumma ƙarƙashin mahaɗa.
Ya rungumi akwatin kamar jinjiri mai kumburin ciki,
ya kwantar hagu, ya kwantar dama,
ya ɗaga gindi har tulu ya fi radiyata tsawo.
Kunna. Kashe. Ƙirga goma. Kunna.
Ƙara ruwa, kada ya sha busasshe.

Sai ta taho,
doguwa, a hankali, kamar baƙon da ya gama cin tuwo,
ta bi tiyo, ta faɗa tulu, ta ce ɓul.
Ƙannenta suka biyo baya, ɗaya-ɗaya.

Talatin da takwas.
Ɗakin ya yi shiru har ina jin tattabarun maƙwabta.

Kawu ya wanke hannu, ya ce sauran ƙananan
ka ba su kwana biyu, da kansu za su fita,
ko gulbi ba ya washewa ranar da ya kawo.
Inna ta ce turarenta ne.
Ni dai har yanzu, in dare ya raba,
nakan haska tocila a lanƙwasar nan:
akwai guda ɗaya, ƙanƙanuwa, da ta ƙi tafiya.
Na bar ta. Ba ta biyan haya, ba ta kuma hana ruwa wucewa.