Rumbun Sama

Shekara talatin ina auna aya a Maradi,
lissafina a kundi mai bangon fata.
Bara ruwa ya shigo shago da dare,
ya wanke sunan duk wanda nake bi.
Washegari har Barmo na Tsibiri
ya gaishe ni da fara'a.

Tsahiru, ɗan ƙanwata, ya zaro talho:
"Kawu, mu ajiye a girgije."
Na ce, "Girgijen da ya cuce ni?"
Ya yi dariya, ya danna.

Yanzu ko kuran ya ɗauke,
ko talhon ya faɗa gulbi,
sabon bashin Barmo na nan,
jikka arba'in cif.

Sai dai duk wata ina biyan haya
ta rumbun da ban taɓa ganin ƙofarsa ba.