Darasin da Randa Ta Riga Ni Bayarwa

Watan Afrilu a Tawa, alli na jiƙewa a tafin hannuna.
Na rubuta wa yara a allo:
ƙwaya biyu na haidurojin, ɗaya ta oksijin.
Illo ya ɗaga yatsa daga bencin baya:
"Madam, shi ne wanda ke cikin bidon mai ga-ruwa?"
Aji ya tuntsire da dariya. Na ce shi ne.
Na ce ɗayansu mai kamawa da wuta ne,
ɗayan kuma shi ke rura ta,
amma da suka gama kai
sai suka haifi mai kashe gobara.
Ba wanda ya rubuta. Rana ta riga ta cinye su.

A gida na tarar da Inna Kuluwa gaban firiza tana salati,
kwalbar da ta cika har wuya ta tsage gida biyu.
"Kowa ya ji sanyi takurewa yake," in ji ta,
"tsoho ma, ƙarfe ma.
Wannan marar kunya kumbura ya yi."
Na ce Inna, rashin kunyar nan rahama ce.
Dubi ƙanƙara bisa lemun harinki, ba ta nutsewa.
Can ƙasashen da tabki ke daskarewa
ita ke zama murfi,
kifi na ƙasa yana harkarsa har ɗari ya wuce.
Ta ce kifi ba zai biya ta kwalba ba.

Sai aka ɗauke wuta.
Jarinta ya fara zubar da hawaye cikin leda,
muka koma ga randa ƙarƙashin bedi.
Baƙar randa, mai gumi ta ko'ina,
tana ba iska ɗigo, iska na tafiya da zafi.
Haka fatata ke yi, haka harshen kare.
Wadda ta gina ta ba ta taɓa zama a benci ba,
amma ta san kada a toshe wa yumɓu numfashi.

Babana mahaƙin rijiya ne.
Gaba talatin na igiya sun cinye masa zanen tafi.
Ga gawo can, ba guga ba wasaki,
yana jan nasa tun daga saiwa har ƙololuwa,
ɗigo riƙe da ɗigo, ba mai sakin ɗan'uwa.
Riƙon nan ne ke ɗauke da ƙwaron da ke tsere bisa tabki
ƙafarsa ba ta jiƙa ba.

Ba launi, ba ƙamshi, ba ɗanɗano:
mai hannu wofi, shi ya sa yake iya dako.
Ba shi kanwa ya ɗauka, ba shi gishiri, ba shi sukari.
Man gyaɗa kaɗai suke 'yar gaba da shi.

Daren nan Tsahara ta ƙwanƙwasa ƙofa,
ɗanta a kafaɗa kamar tsumma.
Zawo tun hantsi, maɗiga ta faɗa,
yana kuka ido a bushe.
Muka tafasa lita guda, ta huce,
muka juye ƙunshin da aka ba ta a likita.
Cokali.
Jira.
Cokali.
Ruwa ya ɗauki gishiri ya kai inda hannunmu ba ya kaiwa.

Da ladan ya yi kiran farko yaron ya sake tsala kuka,
na haska fitilar waya:
ga layi biyu masu sheƙi a kumatunsa.
Tsahara ta lakato ɗaya da yatsa ta ɗanɗana.

Gobe zan sa Illo ya ɗauko mini randa zuwa aji.
In ya sake tambaya, zan ce ya taɓa goshinsa.