Shagon Ƙarƙashin Matakala

Shekara goma sha bakwai ina tsallake ruwa da safe,
jirgin bakwai da kwata, daga Kadıköy zuwa ɗaya gaɓar,
burodi mai riɗi a hannu,
rabi nawa, rabi na tsuntsayen teku.
Hawa na goma sha ɗaya, kamfanin inshora,
tebur na uku daga taga.
Aikina in sa wa masifar mutane farashi:
gobara nawa, ambaliya nawa,
yatsan da inji ya cinye nawa.
Na iya aikin ƙwarai.
Abin da ya fara ba ni tsoro ke nan.

Ranar da na miƙa takardar ajiye aiki,
Şükrü, maƙwabcin teburina, ya cire tabarau ya goge.
Ya ce, "Nevzat, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki."
Na ce na ji.
Gülizar ba ta ce uffan ba.
Ta ɗauko littafin cefane,
ta ja layi ta soke nama.

Shagon a ƙarƙashin matakala yake.
In na buɗe hannuwa, bango da bango nake taɓawa.
Kayan aikin mahaifina ne:
hantsaki, madubin ido ɗaya,
gwangwanin sukurori da ba su kai ƙwayar riɗi ba.
Watan farko mutum huɗu suka shigo.
Ɗaya hanyar asibiti yake tambaya.

Da shugabana ɗaya ne, mai warin taba.
Yanzu duk wanda ya turo ƙofa shugabana ne,
har mai gida, har mai haraji,
har kyanwar layi da ta ƙwace kujerar baƙi.
Ashe albashi bargo ne.
Ban sani ba sai da ƙarshen wata ya zo ya wuce,
waya shiru,
na kwana ina lissafi da silin.

Hunturun nan na ja tasi da dare,
motar surukina Cemil, mai ƙofar da ba ta rufuwa sai da duka.
In dawo da asuba hannu na rawa,
hantsaki ya ƙi kama abin da ido ke gani.
Wani dare na ɗauki yaron da na koya wa aiki a ofis.
Na ja hula ƙasa.
Ya gane ni.
Ya bar canji mai kauri a kan kujera, bai waiwayo ba.
Na ɗauka.
Washegari da shi na biya wuta.

Shekara uku ke nan.
Jiya Şükrü ya sunkuyo ya shigo,
da agogon da kamfani ya ba shi na sallama,
sunansa a baya, an ma kuskure harafi ɗaya.
Ya tsaya, in ji shi, tun watan da ya bar aiki.
Na buɗe. Babu abin da ya karye.
Mai ne ya bushe.

Ya kori kyanwa ya zauna, na aika a kawo shayi.
Agogo arba'in a bango, kowa da lokacinsa,
kamar 'yan kasuwa suna musu.
Ya saurara, ya saurara,
sannan ya ce, "Ka yi da-na-sani?"
Na ce, "Nakan yi ran Talata, in ba ciniki."
Ya yi dariya har ya ƙware.
Ya ciro kuɗi. Na karɓa, ban rage masa ko lira ba.

Nama ya dawo littafin Gülizar,
amma ran Juma'a kawai.

Abu ɗaya ne na kasa gyarawa.
Kullum bakwai da kwata, in jirgi ya yi kuka a bakin ruwa,
sai in tarar na miƙe tsaye,
ina laluben jakar da na daɗe da bayarwa.
Ƙafafuna har yau takardar ba ta iso musu ba.