Kaluluwa

Ɓeraye uku Voahangy ta tsinta a gindin rumbu,
matattu, ba ko ƙwarzane.
Ta ce an raba ta da ɓarayin shinkafa.

Ƙuma kuwa ba ta zaman makoki,
gawa na yin sanyi
take sauya masauki.

Kwana huɗu, Tsiory ya kasa sauke hannu:
kaluluwa a hammata kamar ƙwan zabi,
jiki zafi rau.

Amalanke, laka har gwiwa,
sai asibitin Ankazobe.
Likita ta ɗiga ruwan kumburin a tsinken gwaji.
Layi biyu.
Allura, allura, allura.

Yau yaron na korar tsuntsaye a fadama.
Uwar, in ta hangi mushen ɓera,
ba ta murna.
Kalanzir take nema, da ashana.